Maganin da Na Dafa wa Yaya Dogara

Ta bayan dutse na shiga ƙasar Kamaru, ba ta ƙofa ba, domin a shekarun nan soja sun rufe iyakoki. Mu da yawa ne muka bi wani ja-gora daga wajen Mubi, kowa da abin da yake ɓoyewa, wasu man fetur, wasu atamfa. Ni buhu guda ne a kaina cike da mazarƙwaila, sai 'yar jakar tufafi a kafaɗa. Da muka tsaya shan ruwa wani ɗan fasa-ƙwauri ya latsa buhun, ya ce, "Malam, kai kuma Faransawa za ka koya wa shan zaƙi?" Aka yi dariya. Da na gaya musu abin da ya fito da ni, da dariyar ta fi haka.

Sunana Iliya, amma a gida Auta ake ce mini. Ƙauyenmu yana yankin Furana, a ƙasar Ikara. Kakanninmu Maguzawa ne, ubanmu ne ya fara shiga coci. Sana'armu rake da dafa mazarƙwaila, wadda ubanmu ya koyo a Gazara ta ƙasar Makarfi. Da iyayenmu suka rasu, yayana Dogara ne ya riƙe ni. Shi ya sa ni firamare har na gama, shi ya koya mini korar doki yana zagaya injin matse rake, shi ya tsayar da ni a bakin kasko ya nuna mini yadda ake kwashe kumfa. A duk yankinmu ba a yi mai dafuwa irinsa ba. Daga nesa yake jin ƙamshin kasko ya ce a rage wuta.

A gidanmu an san burkutu tun na kakanni. Yaya yakan sha ranar biki ko bayan girbi, washegari ya koma gona. Ni ne na kai kaya Sabon Garin Zariya na ɗanɗana ogogoro, na kawo masa a kwalbar lemo. Na ce, "Yaya, murfi guda na wannan ya fi ƙwarya cike." Ban ɓoye wannan ga kowa ba, ba kuma zan ɓoye a nan ba. Shekaru muka yi muna sha tare. Ni jikina ya ɗauka, shi nasa bai ɗauka ba. Ya daina cin abinci, ƙafafunsa suka fara harɗewa ko bai sha ba. Daga nan sai mantuwa. Ya ci tuwo, ya wanke hannu, ya tambayi matarsa Saratu yaushe za a kawo tuwo. Ya tashi da safe yana neman linzamin dokin da muka daɗe da sayarwa. Ya ce yanzu ya rabu da Innarmu a rijiya, alhali kabarinta har ya shafe.

Mun kai shi asibiti a Zariya. Likita ya ce giya ce ta ci wani sashe na ƙwaƙwalwarsa, akwai allurar da takan taimaka, amma babu ita. Lokacin tsuke bakin aljihu ne, asibiti ko auduga sai ka zo da taka. Na zaga kemis-kemis har Kaduna, kowa sai ya girgiza kai. A nan ne wani direba mai ɗaukar mana kaya ya ce a Kamaru, cikin duwatsu, akwai wata tsohuwa da ke haɗa ruwan wani ganye domin mashaya da kansu ya taɓu. Bai san sunan garin ba. Bai ma gan ta ba, ji ya yi. Da wannan kaɗai na fito. Na yi rantsuwa gaban fasto da gaban Saratu cewa na bar giya, na cika buhu da mazarƙwaila, domin sukari ya yi wuya a ko'ina kuma na san za ta yi mini abin da kuɗi ke yi.

Garwa ce zangon farko. Zafinta irin wanda ban taɓa ji ba ne, ga harshen Faransa, ga jandarmomi masu tambayar takarda a kowace kwana. Da na hango hular jandarma sai in shige lungu. A kasuwa, kusa da kogi, na ci karo da wani mutum sanye da farar riga irin ta asibiti, ya baza kwalabe a kan tabarma. Hausarsa tas. Na gaishe shi, na gaya masa abin da ke tafe da ni.

Ya dafa ƙirji. "Allah sarki, tsohuwar nan kake nema? Ai bara ta rasu. A hannuna ta cika. Ni ta bar wa asirin."

"Dokta, ka tabbata ita ce?"

"Ta cikin duwatsu ba? Mai maganin mashaya? Ɗan'uwa, Allah ne ya kawo ka wurina. Da ka wuce gaba da wahalar banza ka sha."

Abin da na gaya masa shi ya maimaita mini, amma a lokacin ban lura ba. Ya miƙo wata kwalba da saiwoyi a ciki, ruwan ja-ja-ja. Ya kwashi rabin buhuna. Na koma bayan tasha, na sami inuwa, na buɗe. Hancina bai taɓa yi mini ƙarya game da giya ba. Arki ce, ogogoronsu na can, aka jiƙa 'yan itatuwa a ciki. Na san haka tun kafin kwalbar ta kai bakina. Mutumin ya cuce ni, gaskiya ne, amma ba shi ya ɗaga mini hannu ba. Na ce wa kaina ai dole in ɗanɗana abin da zan ba Yaya. Na ɗanɗana har saiwoyin suka bushe.

Rana tsaka na farka, wata tsohuwa tana zungurina da muciya. Babu takalma a ƙafata, babu jakar tufafi. Buhun ne kawai ya rage, domin na yi matashi da shi.

Ta ce, "Kai ɗan nan, tashi. Tururuwa za su ɗauke ka har da buhunka."

Na tashi zaune. Ta kaɗe tururuwan, ta leƙa cikin buhun, sai na ga ta tsaya. Ta ɗauki curi guda ta shinshina, ta ɓantari kaɗan ta sa a baki. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Wannan ta Makarfi ce."

"Ta Ikara ce, Inna. Amma hannun Gazara ne."

"Ni 'yar Kudan ce," in ji ta. "Rabona da wannan tun ban yi famfara ba."

Sunanta Inna Asabe, tuwo take sayarwa a bakin tasha. Ubanta ne ya taso da su da ƙafa zai tafi Makka, guzuri ya ƙare a Garwa, a nan ya mutu, ita kuma ta yi aure ta tsufa. Ta tambayi sunana.

"Iliya."

"Iliyasu dai."

"Iliya, Inna. Ni Kirista ne."

"To, Kirista ba ya cin tuwo ne? Je ka wanke hannu. Ka haɗa da baki, warinka ya ishe ni."

A rumfarta na zauna ina wanke kwanuka ina ɗebo ruwa. Ba ta taɓa yi mini wa'azi ba. Abin da take so kawai in riƙa ba ta labarin gida. Har yanzu kasuwar Makarfi tana ci? Har yanzu ana ganin hayaƙin masu dafuwa daga hanya idan rani ya shigo? Ta tuna wata bishiyar tsamiya a ƙofar gidansu a Kudan, ta ce in gaya mata ko tana nan. Ban san bishiyar ba, amma na ce tana nan. Da na gaya mata abin da ke tafe da ni kuwa, duk direban da ya zauna cin tuwo sai ta tambaye shi labarin tsohuwar duwatsu. Wasu su yi dariya, wasu su ce ba su taɓa ji ba. Wata rana wani mai ɗaukar shanu ya ce ya san ta, ƙanen matarsa ya je wurinta, tana nan da ranta a wani ƙauye gaba da Gaundare, wajen hanyar Banyo.

Inna ta shiga ɗaki ta fito da takalman mijinta marigayi. Sun yi mini yawa, na cusa tsumma a gaba. Ta ƙulla mini ƙuli-ƙuli, ta roƙi direban ya ɗauke ni a baya. Na zuba mata mazarƙwaila a kwano, ta mayar da mafi yawa cikin buhun.

"Kana da tafiya. In ka je gida ka gaishe mini da Kudan. Ba wanda ya san ni, ka dai gaishe ta."

A Gaundare sanyi na tarar da ruwan sama. Motar ta lalace, direba ya ce kowa ya nemi hanyarsa. Na yi dako a tashar jirgin ƙasa, ina ɗaukar buhunan da ban san abin da ke ciki ba. A nan jandarmomi suka kama mu, mu marasa takarda, suka kai mu wani fili suka ba mu adduna muka yi ta sarar ciyawa. Da suka gaji da ciyar da mu suka buɗe ƙofa suka ce mu ɓace. Buhuna wani mai shayi ya ajiye mini, kuma bai taɓa ko curi ɗaya ba. Ban san sunansa ba har yau.

Ran Lahadi na bi ƙararrawa na shiga wani coci. Ban ji kalma ko ɗaya ba sai Amin. Amma da suka ɗauki wata waƙa, muryar irin wadda muke yi a gida ce, wadda Yaya yakan yi da ƙatuwar muryarsa yana ɓata wa mata amshi. Na sa bakina na yi ta da Hausa a hankali. Wata mata kusa da ni ta juyo ta dube ni, ta matsa ta ba ni wuri a benci. A ranar na yi tunanin komawa gida hannu wofi. Abin da ya hana ni, ban san me zan ce wa Saratu ba.

Daga nan tafiyar ta zama ta ƙafa da bayan akori-kura. Ƙasar tana ta hawa, ciyawa kore shar, shanu manya-manya. Ƙauyen tsohuwar yana gindin wani dutse, rafi ya ratsa ta bayansa. Ba ta da farar riga, ba ta da kwalabe. Na same ta tana ɓarar masara, 'yar ƙarama, ido ɗaya ya yi fari. Ba ta jin Hausa, ni ba na jin nata harshen. Wata Bafulatana mai tallan nono, Dije, wadda ta taɓa zama a Yola, ita ta sauke ƙwaryarta ta tsaya a tsakaninmu.

Tsohuwar ta saurari labarin Yaya har ƙarshe. Sannan ta yi magana.

Dije ta ce, "Wai ya daina sha?"

"Ya daina. Ya ma manta inda ake sayarwa."

"Wai kai fa?"

Tsohuwar ta kama hannuna ta miƙar da shi a iska. Yana rawa. Ta sake shi ta ce wani abu gajere, Dije ta rufe baki da gefen zane.

"Me ta ce?"

"Wai maras lafiya biyu ne, aka aiko mai ƙafa."

Ta sa ni na zauna a gidanta. Kowace safiya kafin rana ta yi zafi mukan gangara rafi, ta nuna mini ganyen. Ɗan ƙarami ne, zagayayye kamar kwabo, yana yaɗo a ƙasa inda ruwa ba ya ƙafewa. Sunan da ta kira shi ban iya riƙewa ba. Ni nake tsinka, ni nake dakawa a turmi, ita ta haɗa da ɓawon wani itace, ta jiƙa a ruwan rafi mai sanyi, ta tace, ta zuba zuma. Ruwan kore ne mai ɗaci, da ƙamshi kamar na ciyawar da aka yanka da sassafe. Ta riƙa ba ni ina sha safe da yamma, da wake da ƙwai, tana tsaye a kaina sai na cinye. Ko ganyen ne, ko abincin ne, ko rashin wurin sayen giya, ban sani ba, amma hannuna ya daina rawa, barci ya dawo mini.

Ranar da zan tafi ta cika mini jarka. Dije ta zo domin sallama.

"Wai ka ji da kyau. Abin da ya riga ya tafi daga kan yayanka ya tafi, ba ta da maganinsa. Wannan yana tsare abin da ya rage ne."

Na ce, "Ki ce mata an ce mini tana warkarwa."

"Wai waɗanda suka ce maka haka ba su taɓa zuwa nan ba. Ya sha ludayi guda safe da yamma, ya ci abinci ko da faɗa ne. Ka ajiye jarkar a inuwa, ka naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu. Kuma kada maganin ya ga wuta."

Tsohuwar ba ta bar wa Dije wannan ba. Ta ja ni har bakin murhunta, ta nuna wutar, ta nuna jarkar, ta girgiza kai. Na ce na ji. Ba zan ce ban fahimta ba, ko in ɗora wa Dije laifin fassara. Na ji sarai. Na juye mata sauran mazarƙwailar a faifai, ta ɗauka, ta mayar mini da curi guda. Na roƙi dashen ganyen, ta haƙo mini da taɓonsa ta naɗe a ganyen ayaba.

Dashen ne ya fara mutuwa. Da muka sauko daga duwatsu zafi ya tare mu, kafin in kai Garwa ya zama baƙi. Na nemi Inna Asabe a tasha, aka ce 'yarta ta zo ta tafi da ita wani gari, ƙafa ta matsa mata. Wata ce a rumfar. Na tsaya da takalman mijinta a ƙafata ban san wa zan yi wa godiya ba.

A wani ƙauye kusa da iyaka na sauka gidan ja-goran da zai tsallakar da mu. Ya ce sai an jira, soja sun tsananta a wancan gefen, sun kama wasu sun zane su sun ƙone kayansu. Muka yi ta jira. Ina jiƙa buhu ina naɗe jarka kamar yadda aka ce, amma ruwan garin kansa ɗumi gare shi. Wata safiya na ga cikin jarkar ya kumbura. Na murɗa murfin, ta yi tsaki, kumfa ya taso. Na kai hanci. Ƙamshin ciyawar yana nan, amma a ƙarƙashinsa akwai wani abu da na sani.

Duk wanda ya tashi a gidan masu mazarƙwaila ya san wannan warin. Ruwan rake ba ya kwana. In an matse shi aka bar shi, zai fara kumfa, ya yi tsami, ya kama hanyar zama giya, kuma abu ɗaya ne ke tsayar da shi. Ina yaro na taɓa barin garwa guda a bayan inji na tafi wasa. Yaya ya murɗe mini kunne ya kai hancina bakin garwar. "Ka ji wannan? Duk ranar da ka ji shi, kada ka tambayi kowa. Wuta."

Na zauna gaban jarkar ina tunani. Zuma ce a ciki, zafi ya tashe ta. Kafin in isa Ikara abin da ke ciki zai zama giya sosai. In shiga gida, bayan duk wannan tafiya, in miƙa wa Saratu jarkar giya in ce ta ba mijinta safe da yamma? Ga kuma maƙogwarona, wanda tun da na buɗe murfin ya fara motsi. Ban yarda da kaina a daji da wannan jarka ba. Ana cikin haka ja-goran ya leƙo ya ce yau da la'asar za a tashi.

Ya harbi jarkar da ƙafa. "Wannan kuwa ba za ta bi ni ba. Soja suka ji wannan wari, ogogoro za su ce, dukanmu za mu sha bulala."

Na tafi wurin matarsa na roƙi aron tukunya mai faɗin baki. Ta ba ni, ta tsaya tana kallo ina haɗa murhu.

"Baƙo, ba kai ka ce tsohuwar ta hana wuta ba?"

Na ce, "Ita magani ta sani, ni dafuwa na sani. Ruwa ne kawai yake tashi. Amfanin yana zama a ƙasa. Haka muke yi da rake."

"To. Ni dai ban san rake ba."

Na juye, na hura wuta. Na kwashe kumfa kamar yadda aka koya mini. Da ya fara kauri na jefa curin mazarƙwailar da tsohuwar ta bar mini domin ya kama jiki. Ba zan yi ƙarya ba, tun da na bar gida ban ji daɗi irin na wannan lokacin ba. A ƙasar da ban iya magana ba, ban san hanya ba, kowa yana kora ta, yau ga abin da hannuna ya iya. Ƙamshin ganyen ya cika gidan, ya fita har waje, maƙwabta suna leƙowa.

Matar ta ɗaga kai tana kallon tururin. Ta ce, "Ni kam gani nake maganinka ne can yake tafiya."

Ja-goran ya fara kiran mutane, ruwan kuma bai gama ƙafewa ba. Na ƙara itace. Na sake ƙarawa. Na ɗiga kaɗan a ruwan sanyi, ya dunƙule. Na juye a ƙaramin kwano. Da ya huce ya fito curi guda, baƙi ƙirin, mai ƙyalli, wanda bai cika tafin hannu biyu ba. Na shinshina. Babu warin giya. Babu ƙamshin ciyawa kuma. Na naɗe shi a tsumma na sa a aljihu, muka tsallaka ba wanda ya tare mu.

Rake ya isa yanka lokacin da na sauka a Ikara. Daga hanya ina hango hayaƙin masu dafuwa. Saratu na tarar tana shanya barkono a tsakar gida. Da can in ta gan ni takan ce, ga mijina ƙarami, me ka kawo mini. Wannan karon ta miƙe kawai tana kallona.

"Auta. Mun ɗauka ka mutu."

"Ban mutu ba. Yaya fa?"

Ta matso ta shinshina bakina. Sannan ta nuna bayan gida da haɓa. "Ka samo?"

Na fito da curin, na gaya mata komai a tsaye, har da Garwa, har da murhun tsohuwar. Ta juya shi a hannu. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta ce, "Je ka kai masa."

Yana zaune a gindin mangwaro, a bakin hanyar da ke fita zuwa Ikara. Ya rame har riga tana yawo a jikinsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'a, irin amsar da ake yi wa baƙo, ya tambayi mutanen gidana. Na miƙa masa curin.

Yana karɓa na ga hannunsa ya canza. Ya auna nauyinsa, ya ƙwanƙwasa da farce, ya ɗaga shi wajen haske, ya kai hanci. Ya gutsiri gefe ya tauna, ya tofar.

"Wa ya dafa wannan?"

"Ni ne, Yaya."

"Ka ƙona ta. Farko ka yi daidai, ka kwashe kumfa da kyau. A ƙarshe ne ka yi gaggawa, ka danna mata wuta." Ya yi 'yar dariya. "Ina da wani ƙane, haka yake. Hannu gare shi, amma ba ya iya jira."

"Yaya, ni ne. Ni ne Auta."

Ya dube ni da kyau, ba da faɗa ba. Ya mayar mini da curin, ya rufe hannuna a kansa.

"A'a, malam. Auta ya tafi nemo mini magani. Shi nake jira."

Saratu ta riƙa kankare curin tana zuba masa a kunu har ya ƙare. Ba mu ga wani canji ba. Ko da na kawo jarkar yadda take da ta tsare masa wani abu, ko da ta zama giya a hanya, ko da soja sun fasa ta, na juya wannan a raina shekara da shekaru ban sami amsa ba. Na taɓa tambayar wani ma'aikacin asibiti, ya ce wasu ganyaye wuta tana kashe amfaninsu, wasu ba ta kashewa, sai in kawo ganyen ya gani. Ban san sunan ganyen ba, dashen kuma ya mutu a hanyar Garwa.

Abin da tsohuwar ta faɗa na abinci shi na riƙe. Ni nake ba shi wake da ƙwai, ina tsaye a kansa sai ya cinye. Giya ban ƙara kai ta bakina ba. Na je Kudan sau ɗaya, na tsaya a bakin kasuwa na ce Inna Asabe tana gaisuwa, wani mai rake ya dube ni ya ce yana amsawa.

Yaya ya rayu 'yan shekaru bayan haka. Bai ƙara kirana da sunana ba, malam yake ce mini, kuma yana jin daɗin zama da ni. Kullum in na taso daga wurin dafuwa da la'asar, sai in same shi a gindin mangwaron yana kallon hanya. Ya matsa ya ba ni gefen tabarma.

"Zauna, malam. Yau dai ina jin zai iso."

Sai in zauna, mu jira shi tare.